Tsofaffin Wasannin RPG: Me Ya Sa Har Yanzu Ake Buga Su?

Wanda duk ya leƙa Play Store ko Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, zai tarar da wasannin bidiyo na shekarun 1980 da 1990 ana sayar da su, kuma suna samun masu saye. Hotonsu ɗigo-ɗigo ne, mutanen ciki ba sa magana sai dai a karanta, faɗansu ma layi ake bi. Ga wasu tambayoyin da masu sha'awar gem kan yi a kansu.

Wane irin wasa ake kira RPG?

Wasa ne da za a ba ka jarumi, ko tawagar mutum uku zuwa huɗu, ka bi da su cikin dogon labari. Kana shiga gari ka yi hira da mutane, ka sayi takobi da sulke da magani, ka fita daji ka yi faɗa da dodanni. Kowane faɗa yana ƙara wa mutanenka maki, in makin ya taru su hau mataki na gaba, ƙarfinsu ya ƙaru. Dodon da ya kashe ka a awar farko, bayan awa goma da bugu ɗaya za ka kayar da shi. Wannan girma a hankali shi ne ƙashin bayan wasan.

A ina abin ya samo asali?

A kan tebur aka fara shi a Amurka. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake bugawa da takarda da fensir da ɗan lido: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Masu kwamfuta suka ɗauki lissafin suka ɗora wa na'ura, sai aka samu Ultima da Wizardry a 1981.

Wasannin nan biyu sun burge wani marubuci ɗan Japan, Yuji Horii. Damuwarsa ita ce sun yi wa yaro da sabon shiga wuya. A 1986 kamfanin Enix ya fitar da wasansa, Dragon Quest, a kan na'urar Famicom ta Nintendo, da zanen Akira Toriyama da kiɗan Koichi Sugiyama. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Square ya fito da Final Fantasy ƙarƙashin Hironobu Sakaguchi, kuma wanda ya rubuta manhajarsa, Nasir Gebelli, haifaffen Iran ne. Sega ma ta saki Phantasy Star a shekarar, jarumarsa mace. Lokacin da Dragon Quest III ya fito a watan Fabrairun 1988, layin masu saye ya zagaye shaguna a Tokyo, ɗalibai suka yi ta gudun makaranta don su samu.

Hoton ai ba shi da kyau. Me ke jan hankalin mutum a ciki?

Nan ne zancen yake, kuma a ganina amsar tana cikin ƙuncin da aka ƙera wasannin. Kaset ɗin Dragon Quest na farko kilobayit 64 kacal yake ɗauka, abin da hoto ɗaya na wayar hannu ya ninka sau da yawa. Dole ta sa masu aikin suka zaɓi haruffa 20 kawai daga jerin katakana na rubutun Japan, suka tsara sunayen garuruwa da dodanni da su. A fitowar Japan jarumin ba ya ko juyawa, duk inda ya nufa fuskarsa tana kallonka. Mai aiki a irin wannan matsi ba shi da wurin ajiye tarkace. Duk abin da ya shiga kaset sai da aka yi shawara a kansa.

Dubi yadda wasan yake buɗewa. Kana tsaye gaban sarki a ɗakin da ƙofarsa ke kulle. Kafin ka fita sai ka yi magana da dogarai, ka buɗe akwatuna, ka ɗauki makulli, ka buɗe ƙofa, ka sauka bene. Ba a tsaya yi maka darasi ba, amma ka riga ka koyi kusan duk abin da za ka riƙa yi har ƙarshe. Da ka fito daga fada, ga gidan babban bos, wato mugun da za ka kara da shi a ƙarshe, can tsallaken ruwa kana hango shi, ba hanyar zuwa. Awanni masu yawa za ka yi kana zagaye duniyar kafin ka taka wurin da ka gani tun mintin farko. Gada kuma gargaɗi ce: duk wadda ka tsallaka, dodannin bayanta sun fi na baya ƙarfi. Ba wanda ya rubuta maka haka a allo, jikinka ne zai gaya maka.

Shi kuma hoton ɗigo-ɗigo yana aiki irin na wasan kwaikwayon rediyo, inda mai sauraro ke ƙera fuskar kowa a ransa. Ɗan mutumin da bai wuce farce ba ya sunkuyar da kai, kiɗa ya sauya, sai ka ji baƙin cikinsa ya taɓa ka, domin rabin aikin kai ka yi shi. Kiɗan ma haka. Famicom muryoyi biyar kawai take iya fitarwa a lokaci guda, don haka Sugiyama da Nobuo Uematsu na Final Fantasy ba su da abin fakewa sai karin da zai zauna a kunne. Yau ƙungiyoyin makaɗa suna cika manyan zaure da waɗannan kiɗe-kiɗen.

Faɗan da ake bin layi ba ya gundura?

Wani lokaci yana yi, za mu zo nan. Amma yana da ranarsa. Ba saurin yatsa yake nema ba, tunani yake so. Jinin mai warkarwa ya kusa ƙarewa, maganinka saura ɗaya, kogon kuma ba ka san zurfinsa ba: ka ci gaba ko ka koma gari? Kana iya ajiye waya ka amsa sallama, ka dawo ka tarar dodon yana jiranka. Wannan ya sa mai shekara hamsin da ɗan shekara goma duk suna iya gamawa. Horii ya ma tsara cewa in an kashe ka a Dragon Quest rabin kuɗinka ne zai tafi, makin da ka tara yana nan. Mai naci ba ya komawa hannu rabbana. A 1991 Final Fantasy IV ya ƙara agogo a cikin faɗan, ta yadda in ka tsaya dogon nazari dodo zai kai maka bugu, amma tushen bai canja ba.

Labaran nasu fa, ba ceto gimbiya ba ne kullum?

Na farko-farkon haka suke. Ba a daɗe ba aka wuce nan. Ultima IV na 1985 ba shi da babban mugun da za a kashe. Aikinka shi ne ka cika halaye takwas, cikinsu har da gaskiya da tausayi da tawali'u, kuma wasan yana lissafa maka in ka cuci makauniyar mai shago wajen biyan kuɗi. A Final Fantasy VI na 1994 mugun ne yake yin nasara a tsakiyar labari, duniya ta wargaje, rabin wasan na biyu ka yi shi kana neman abokanka ɗaya bayan ɗaya, wasunsu sun riga sun yanke ƙauna.

Wanda na fi son nuna wa mutane shi ne Chrono Trigger na 1995. Yana farawa da bikin gari. Kana yawo, ka yi karo da wata yarinya, ku faɗi, sarƙar wuyanta ta yi gefe. Akwai abincin wani tsoho a ajiye da za ka iya cinyewa, akwai ƙaramar yarinyar da kyanwarta ta ɓata. Ba abin da ke nuna maka cewa waɗannan suna da muhimmanci. Can gaba sai a gurfanar da kai a kotu bisa zargin sace yarinyar nan, wadda ashe gimbiya ce, a fara kiran shaidu. Ka duba lafiyar yarinyar tukuna, ko sarƙar ka fara ɗauka? Ka ci abincin tsohon? Ka mayar da kyanwar? Duk an gani. Mutane da yawa a nan suke gane cewa tun ɗazu wasan yana lura da halinsu. Wasan yana da ƙarshe sama da goma, gwargwadon lokacin da ka tunkari bos.

Anya ba kewar yarinta ba ce kawai?

Tana ciki, babu musu. Amma ba ta isa ta bayyana komai ba, don da yawa daga masu buga su yau ba a haife su ba sa'ad da suka fito. Kuma ana ta ƙera sababbi da tsohon salon: Undertale na Toby Fox a 2015, Octopath Traveler a 2018, Sea of Stars a 2023, ga Dragon Quest III da aka sake ginawa a 2024. Akwai kuma abin da ɗan wasan yau yake ƙishirwa. Tsohon RPG kammalalle ne. Ba talla, ba a ce ka sayi lu'ulu'u kafin ka wuce, ba ya neman data, ba ya takura maka ka shigo kullum don kar ka rasa kyauta. Yana da farko, yana da ƙarshe, in ka gama ka gama. Ni wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Me ya sa ba mu san su ba a gidajen gem na nan?

Tsarin gidan gem bai dace da su ba. Ana biya ne a buga ƙwallo ko Mortal Kombat na 'yan mintuna, wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na gaba. Wasan da ke cin awa talatin, mutum ɗaya yana karatu shiru, ba zai kawo ciniki ba. A gidaje kuma na'urorin da suka fi yawa kwaikwayon Famicom ne, masu kaset ɗin nan da ke iƙirarin ɗaruruwan wasanni, ba batirin adana inda aka tsaya. Ƙara da ɗauke wuta da buƙatar Turanci. Ko Turai ma ba ta samu da wuri ba: sai a 1997 Final Fantasy VII ya zama na farko a jerin da ya isa can, Dragon Quest kuwa sai 2006. Wayar hannu ce ta warware yawancin matsalolin nan.

Ba su da aibu ke nan?

Suna da shi, kuma bai kamata a ɓoye wa sabon shiga ba. Faɗan ba-zata ya fi komai cin rai: taku kaɗan allo ya juya, dodo ya fito, ko kana sauri. Wasu wuraren sai ka yi awa kana kashe ƙananan dodanni don tara maki. Wani lokaci ba a faɗa maka inda za ka, sai ka bi kowa a gari da tambaya. A Final Fantasy na farko akwai sihirin da sam ba ya aiki saboda kuskuren manhaja, kuma in mutum biyu suka nufi dodo ɗaya na farko ya kashe shi, na biyu iska zai sara. 'Yan Japan da suka buga Dragon Quest II sai sun kwafe kalmar sirri mai kaiwa haruffa 52 kafin su kashe na'ura, harafi ɗaya ya kuskure aikin ya tafi. Sababbin fitowa sun rage yawancin wannan wahala, wasu har suna barin ka kashe faɗan ba-zata.

Za a iya barin yara su buga?

Iyaye su san abin da ke ciki tukuna. Kusan dukansu akwai sihiri da dodanni da allolin ƙirƙira. A yawancin Dragon Quest na baya-baya a coci ake adana wasa, kuma akwai gidan caca da ake shiga da kuɗin cikin wasa. Jini da tsiraici ba su da yawa in an kwatanta da wasannin yanzu, kuma yaro zai sha karatun Turanci da lissafi. Shawarata uba ko uwa su zauna awar farko tare da shi, sannan a sa lokaci, don wasa ne mai cinye dare ba a sani ba.

Ta ina zan fara, kuma ina ake samunsu?

Fara da Chrono Trigger. Awa ashirin da wani abu ya isa, dodanni kana ganinsu a fili kafin faɗa, kuma yana nan a Android da iPhone da Steam. In ya yi maka, Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida suna nan a fitowar Pixel Remaster da ta fara a 2021, kuma na shida zan ce ka bi. Mai son labarin iyali ya nemi Dragon Quest V na 1992, inda ake bin jarumi tun yana yaro har ya yi aure ya haihu. Mai kwamfuta da ke son zaɓi da doguwar hira ya gwada Fallout na 1997 ko Baldur's Gate na 1998.

Waɗannan su ne masu sa'a. Binciken da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin. Wasu kuma ba a taɓa fassara su a hukumance ba, kamar Mother 3 na 2006, wanda masoyansa ne suka mayar da shi Turanci a 2008. Mai niyyar sayen kaset na asali kuwa ya tambayi mai sayarwa ko an canja ɗan batirin da ke ciki, domin in ya mutu kaset ɗin ba zai riƙe inda ka tsaya ba.