Wai tsohon jirgi shi ke faɗuwa?

Da an ce jirgi ya shekara 20 sai ka ji mutane na cewa ai gwanjo ne, akwatin gawa. To jirgin sama fa ba kamar motar haya ba ne da sai ta mutu a hanya ake nemo bakanike. Shi awannin tashinsa ake ƙirgawa da yawan saukarsa, akwai muhimman ƙarafa da yawa a jikinsa da kowanne ke da wa'adi, in ya cika ko ƙalau yake sai an cire.

Akwai babban sabis da ake cewa C-check, kusan duk wata 18 zuwa shekara 2, ana kwance kujeru a buɗe bango a bi da fitila ana neman tsatsa da tsagewa, kuma ba kowane gareji ke yi ba, a Najeriya sai wanda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ta ba lasisi, sannan injiniya mai lasisi ya sa hannu kafin jirgin ya tashi. Kamfanin jiragen sama na Aero Contractors na yi a Legas, wasu kuma Habasha suke kaiwa da dala.

Sabon jirgi ma yana faɗuwa: jirgin kamfanin Ethiopian Airlines na Habasha da ya faɗi a Maris 2019 sabo ne dal, wata 4 kacal da karɓo shi.