Takalmin hawan dutsen ƙanƙara: zaɓen laina da samun wanda ya zauna wa ƙafa

Yaranmu na Sakkwato da karatu ya kai Turkiyya, Kanada da ƙasashen Turai sun fara shiga wani wasa da iyayensu ba su taɓa jin labarinsa ba. Mutum zai ɗaura allunan siki a ƙafa, ya hau dutse da ƙarfin gwiwarsa ba tare da keken da ke ɗaukar mutane sama ba, sannan ya zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Wanda ke Kayseri ga dutsen Erciyes nan mai tsawon mita 3,917 a bayan gari, kuma ko a Afirka ana yin sa da hunturu a dutsen Toubkal na Maroko. Idan sun dawo hutu, kukansu kusan ɗaya ne: takalmi. Ga tambayoyin da ƙannena suka fi maimaita mini.

Tambaya: Yaya, mi ya bambanta wanga takalmi da na siki da ake haya a wuraren wasa?

Amsa: Na haya don gangarowa kawai aka yi shi. Wannan kuwa aiki biyu yake yi. Akwai wani ɗan ƙarfe a bayansa, idan ka ɗaga shi wuyan takalmin sai ya saki, ƙwaurinka ya riƙa kai da kawo kana tafiya. Idan ka kai sama ka mayar da shi, sai takalmin ya ƙame don gangara. A bakin yatsu akwai 'yan ramuka biyu na ƙarfe inda maƙalar allon ke cafkewa, dabarar da wani mutumin Ostiriya mai suna Fritz Barthel ya ƙirƙiro a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa ta.

Takalmin kansa gida biyu ne. Akwai kwanson waje na roba mai tauri, galibi irin da ake kira Grilamid ko Pebax, wani lokaci da haɗin kabon, wani zare mai tauri mara nauyi. Sai takalmin ciki mai laushi da ake zarewa, shi ne laina. Kwanso shi ke riƙe allo, laina ita ke riƙe ƙafa. Da yake masu ƙera takalmin hawa suna tseren rage nauyi, lainar da ke zuwa da shi sau da yawa siririya ce, shi ya sa ake da kasuwar laina ta daban.

Tambaya: Ƙafata faɗi gare ta. Mai shago ya ba ni lambata ta matse ni, ba gara in ƙara lamba ɗaya ba?

Amsa: Kada ka yi. A nan ne yawancin mutanenmu ke yin asarar kuɗinsu, kuma na san dalili. Mun tashi cikin silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, yatsunmu sun baje yadda suka ga dama, gaban ƙafa ya yi faɗi. Da ka zura ta cikin takalmin Turawa sai ka ji an kama ta ta gefe, hankalinka ya ba ka cewa ya yi maka kaɗan. Alhali tsawon daidai ne, faɗin ne bai kai ba. Idan ka ƙara lamba, ka sami faɗin milimita biyu ko makamancin haka, amma ka ƙara tsawon santimita guda cur. Ƙafa sai ta riƙa yawo a ciki. A hawa dunduniya na ɗagawa tana gogar laina har fata ta saɓule. A gangara yatsu na zamewa gaba suna dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi.

Ana auna waɗannan takalma da tsawon ƙafa a santimita, tsarin da ake kira Mondopoint. Mai ƙafar santimita 27, lambarsa 27. Ka auna a tsaye, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka auna duka biyun, don da wuya su zo daidai. Faɗi kuwa lambarsa daban, ana rubuta shi a milimita: wajen 98 matsattse ne, 100 matsakaici, 102 zuwa 104 mai faɗi. Da wannan lambar za ka yi ciniki. Ka kuma sani cewa faɗin da aka rubuta na takalmi mai lamba 26 ko 26.5 ne, yana ƙaruwa ko raguwa da girman takalmin.

Wani abu da ba kowane mai shago ke faɗa ba: a yawancin kamfanoni 26 da 26.5 kwanso ɗaya ne. Kamfanin Scarpa kuwa nasa ya saɓa, 26.5 da 27 ne ke tarayya. To mai lamba 26.5 zai iya samun kansa a kwanso daban-daban gwargwadon kamfanin da ya zaɓa.

Tambaya: To ta yaya zan gane kwanson ya yi mini daidai?

Amsa: Zare laina gaba ɗaya. Sa ƙafarka da siririyar safa cikin kwanson, tura ta gaba har yatsu su taɓa baki, taɓawa kawai ban da dannawa. Ɗan durƙusa gaba, wani ya haska fitilar waya ta bayan dunduniya. Tazarar da ake so ga mai hawa ita ce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai son kamu sosai don gangara yana iya sauka zuwa ɗaya. Idan ta haura biyu da rabi, ajiye shi, ko da an yi maka ragi.

Daga nan dawo da ƙafar tsakiya ka duba gefe da gefe, sannan ka duba doron ƙafa. Nan nake so ka fi natsuwa. Idan gefen ƙaramin yatsa ko ƙashin babban yatsa ne ke taɓa roba, gwanin daidaita takalmi zai ɗumama wurin ya tura shi waje da na'ura, milimita kaɗan sun isa. Amma idan rufin kwanson ne ya zauna a kan doron ƙafarka, gyaransa wuya gare shi, kuma jijiyoyin da ke kai jini ga yatsu ta nan suke bi. Kwanson da ya danne doro ba naka ba ne. Wurin da aka yi da kabon ma ba ya turuwa, ka tambaya kafin ka biya.

Tambaya: Idan kwanso ya yi daidai, mi zai sa in kashe kuɗi kan wata laina?

Amsa: Kada ka yi gaggawa. Ka fara amfani da wadda ta zo da shi, wataƙila ta ishe ka. Abin da ke faruwa shi ne soson cikinta yana kwanciya da yawan takawa, takalmin da ya kama ka a farkon hunturu sai ka ji ya yi sako-sako, kana ta ƙara matse maɗauri ba ka samun kamu. Wannan shi ne babban dalilin sauyawa. Sauran su ne sanyi da ke damun yatsu, da siririn idon sawu da ya bar rami a bayan ƙafa, da son ƙarin tauri wajen gangara. Laina na cike gibin milimita kaɗan, tana kuma rarraba matsi. Ba ta rage tsawon kwanson da ya yi yawa, ba ta buɗa wanda ya yi ƙunci.

Tambaya: Wacce zan zaɓa cikin waɗanda ake talla?

Amsa: Gida biyu ne. Na farko na soso ne da ake gasawa ya ɗauki siffar ƙafa, irin na kamfanin Intuition da ke Bankuba ta Kanada da na Palau na Faransa. Ƙwayoyin soson a rufe suke, ba ya shan ruwa sosai, yana da ɗumi, ba shi da nauyi. Ga wanda ya tashi a zafin Sakkwato ya tsinci kansa a wurin da ruwa ke daskarewa cikin gora, wannan nake fara nuna masa.

Na biyu shi ne ZipFit, wata laina da wani mai ƙera takalman siki mai suna Sven Coomer ya ƙirƙiro. Maimakon soso, an cusa masa wani haɗi na garin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, a jakunkuna kewaye da idon sawu da harshe. Ɗumin ƙafa na sa haɗin ya riƙa matsawa yana cike ramuka, kuma idan wuri ya yi sako-sako ana ƙara masa ta wata 'yar kafa. Kamun dunduniyarsa da wuya a sami irinsa, yana kuma daɗewa. Sai dai ya fi nauyi da tsada, kuma a matsattsen kwanso mara nauyi ba lallai ya shiga ba. Akwai samfurinsa na masu hawa da ake kira GFT.

A cikin na soso kuma akwai mai harshe da mai naɗi. Mai harshe kamar takalmin da ka sani ne, galibi da wani sassauci a bayan idon sawu don taku ya buɗe. Mai naɗi gefe ɗaya ke hawa kan ɗaya a gaban ƙwauri, yana ƙara tauri, yana cike wa mai siririn ƙwauri gibi, amma yana rage wa taku 'yanci. Idan hawan ya fi yawa a ranarka, ɗauki mai harshe.

Sai kauri, wanda mutane ke mantawa da shi. Intuition na yin nata a milimita 9, 12 da 15. Tazarar da ka gani lokacin gwada kwanso ita za ta faɗa maka: matsattsen kwanso siririya yake so, mai ɗan fili matsakaiciya. Kada kwaɗayin ɗumi ya sa ka cusa mai kauri inda babu wuri. 'Yar ciki mai kauri a ƙarƙashin matsattsiyar riga ba ta ƙara wa mai ita komai sai takura.

Tambaya: Gasawar fa, zan iya yi a ɗakina?

Amsa: In da shago kusa, je can. Za su sa lainar a tanda ta musamman na wasu mintuna har ta yi laushi. Kafin ta fito, za a sa maka 'yar hular yatsu don a bar musu wurin motsi, a liƙa guntayen soso a kan duk ƙashin da ya fito, a ɗora siririyar safa a kai. A zura lainar cikin kwanso tana zafi, ka sa ƙafa, ka buga dunduniya ƙasa ta zauna a gurbinta, a ɗaure maɗaurai sama-sama, ka tsaya gwiwa a ɗan lanƙwashe wajen minti goma har ta huce. Za ka ji matsi da zafi, ka daure. Amma kada ka yarda a matse maɗaurai sosai a lokacin, don sai soson ya kwanta tun ranar farko, ka cinye rabin rayuwarsa.

A ɗaki ana yi da ɗanyar shinkafa. A cika doguwar safa da ita, a ɗumama a maikurowef, a cusa cikin lainar tana cikin kwanso har zafin ya ratsa, a zare a sa ƙafa. Ciki kawai take gasawa, amma tana aiki. Tandar girki kuwa tana iya ƙona laina ko ta sa ta tsuke. Ka bi abin da kamfanin ya rubuta. Kada ka manta da shimfiɗar tafin ƙafa, da ita a ciki ake gasawa.

Tambaya: Wace shimfiɗa kuma?

Amsa: Wadda ke zuwa da takalmi falle ce kawai. Idan ka taka, tafin ƙafa na bajewa, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi, idon sawu ya karkato ciki ya gogi roba. Shimfiɗa mai tallafar tsakiyar tafi da kwarmin dunduniya, irin ta kamfanin Sidas ko Superfeet, ko wadda aka ƙera a kan ƙafarka, tana hana wannan. Mai shimfiɗaɗɗen tafi ya fara da ita kafin ya yi tunanin sabuwar laina, sau da yawa matsalar a nan take ƙarewa. Idan har yanzu dunduniya na ɗagawa, ana liƙa soso a bayan lainar kewaye da idon sawu, ko a sa mata igiya a ɗaure ta a ƙafa. A hawa ka sassauta maɗauran sama, ka bar na kan doron ƙafa a ɗan kame. Da ka ji wuri ya fara zafi, tsaya ka liƙa filasta tun bai zama bororo ba.

Tambaya: Yatsuna na mutuwa da sanyi. In ninka safa?

Amsa: A'a, safa ɗaya siririya ta ulu, ban da ta auduga mai riƙe gumi. Jini ne ke ɗumama ƙafa, safa biyu kuwa matse hanyarsa suke yi. Ka riƙa motsa yatsu, ka kwance maɗaurai duk inda aka tsaya hutu. Idan ka yi alwala, goge tsakanin yatsu su bushe ƙarau kafin ka mayar da safa.

Wannan ba abin wasa ba ne, ƙanena. Binciken sojojin Ingila da na Amurka ya nuna baƙar fata sun fi saurin samun raunin sanyi, kuma a fatarmu sauyin launi ba ya saurin bayyana. Kada ka jira ka gani da ido. Yatsan da ya daina ji, ya yi tauri, ka sauka ka nemi ɗumi da likita. Kada ka murza shi, kada ka kara shi a wuta. Mai sikila kuwa, sanyi da tudu mai nisa da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, sai ya ga likitansa kafin ya sayi ko da safa.

Tambaya: In na gama karatu na taho da shi gida, zai jure zafinmu?

Amsa: Lainar da zafi ya ba ta siffa, zafi na iya ɓata ta. Ko a can, bayan kowace fita ka zare ta da shimfiɗarta su sha iska, nesa da na'urar ɗumama ɗaki. A nan kuwa, inda watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, but ɗin mota da ɗakin kwano mara silin ba wurin ajiyarta ba ne. Ka tabbatar ta bushe, ka mayar da ita cikin kwanso ba tare da ta naɗe ba, ka ɗaure maɗaurai sama-sama don robar kada ta buɗe, ka sa a jaka saboda ƙurar hunturu da ɓeraye, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. In za ka koma, ka sa shi a ƙafa na rabin awa tun a gida, ka duba robar ko ta tsage a wajen ramukan ƙarfen nan na yatsu.