Tsibirin Tiristan da Kunya

Tiristan da Kunya tsibiri ne a kudancin tekun Atilantika, ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma babu wani gari a duniya da ya kai nasa nisa da sauran jama'a. Maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mutane shi ne tsibirin Sant Helena, kimanin kilomita 2,400 ta arewa, birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu kuwa kusan kilomita 2,800 ta gabas. Faɗinsa murabba'in kilomita 98 ne, mafi yawansa dutse mai aman wuta, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,062. Mutanensa ba su cika 250 ba, dukkansu a gari ɗaya, Edinbura ta Tekuna Bakwai.

Tarihi

Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Tristão da Cunha, shi ya fara hango tsibirin a 1506, ya sa masa sunansa ba tare da ya sauka ba. A 1816 Birtaniya ta girke sojoji a can, don kada Faransawa su bi ta nan su kuɓutar da tsohon sarkinsu Nafoliyon da ake tsare da shi a Sant Helena. Da aka kwashe sojojin a 1817, wani kofur mai suna William Glass ya zauna da iyalinsa da abokai biyu, suka rubuta yarjejeniya cewa aiki da riba raba-daidai za a yi, kuma ba wanda zai fi wani. A 1827 aka kawo mata biyar daga Sant Helena. Akasarin sauran kakannin matuƙa jiragen ruwa ne da suka yada zango ko jirginsu ya fashe, kamar Italiyawa biyu, Repetto da Lavarello, a 1892. Daga wannan 'yar zuriya kowa ya fito, kuma masana na danganta yawan ciwon asma a tsibirin da haka.

A 1885 maza 15 suka fita cikin kwalekwale don su tari wani jirgi, ba a sake ganinsu ba, garin ya koma kusan na zawarawa da marayu. A Oktoban 1961 dutsen ya yi aman wuta dab da gidaje, aka kwashe mutum 264 zuwa Ingila. Hukuma ta zaci sun zauna ke nan, amma a 1963 akasarinsu suka koma gida.

Zaman yau da kullum

Ƙasa ta jama'a ce gaba ɗaya. Baƙo ba ya sayen fili, ba ya kuma zama sai da izinin majalisar tsibirin. Wanda ya san noman gandu a karkarar Daura zai gane tushen abin, sai dai a can gandun na gari ne duka. An ƙayyade yawan shanu da tumakin kowane gida, domin makiyaya kaɗan ce, in aka saki hannu ciyawa ta ƙare kafin sanyi ya wuce, kuma mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi.

Dankalin Turawa shi ne abincin gari. Gonakinsa na wani fili 'yan kilomitoci daga gari, ƙananan fegi-fegi da aka kewaye da katangar duwatsu saboda iska, wadda ke karya shuka ta kuma watsa mata gishirin teku. Kafin yaƙin duniya na biyu da dankalin ake ciniki maimakon kuɗi, yanzu fam ɗin Ingila ake kashewa. Babban maƙiyin gona ɓera ne, wanda ya shigo daga wani jirgi da ya fashe a 1882, har akwai rana guda a shekara da maza ke fita farautarsa da karnuka, a ƙirga wutsiyoyi a ba da kyauta.

Tattalin arziki

Kaso mafi tsoka na kuɗin shiga daga lobsta yake fitowa, wani babban jatan lande mai zama a duwatsun ƙarƙashin ruwa. In gari ya waye teku a kwance, sai a buga ƙarfe, maza su bar ayyukansu na gwamnati su shiga ƙananan jirage da tarkuna da koto. Da yamma mata su shiga masana'anta su gyara kamun, a daskarar, a jira jirgin da zai kai shi kasuwannin Amurka da Japan da Turai. Akwai adadin da ba a wucewa a shekara, ƙanana da masu ƙwai kuma ruwa ake mayar da su. Sai kan sarki na wasiƙa da tsabar kuɗi da ake sayar wa masu tara su a ƙasashen waje, da 'yan yawon buɗe ido kaɗan.

Raunin a fili yake, sana'a guda da mashiga guda. A 2008 masana'antar ta ƙone, da ita da injinan wutar gari, sai a 2009 aka buɗe sabuwa. A Maris 2011 jirgin dakon kaya MS Oliva ya fashe a tsibirin Naitingel da ke kusa, mai ya malala, dole aka dakatar da kamu a wurin. Tashar jiragen kuwa ƙarama ce, babban jirgi nesa yake tsayawa a riƙa jigila da ƙanana, in igiyar ruwa ta tashi a yi kwanaki ba a sauke ko buhu ɗaya ba. A 2020 tsibirin ya keɓe kimanin murabba'in kilomita 687,000 na tekunsa ya hana kamun kifi a ciki. Abin da ya fi wuyar magani shi ne yawan tsofaffi da ƙarancin yara. Makaranta tana tsayawa a shekara 16, mai son ci gaba sai ya ƙetare teku.

Zuwa can

Babu filin jirgin sama. Mutumin Katsina da ke son zuwa sai ya fara neman izinin majalisar tsibirin, ya samu bizar Afirka ta Kudu, ya isa Kef Tawun, sannan ya nemi gurbi a jirgin kamun kifi ko na kaya. Tafiyar kusan mako guda ce, jiragen ba su fi kamar goma a shekara ba, kuma marasa lafiya da 'yan gari ake fara ba wa wuri. Lokacin da teku ta fi lafawa shi ne Disamba zuwa Maris, daidai da hunturunmu, lokacin da su suke cikin ɗumi.