Karɓar digiri ba ya binne satar rubutu

Ɗalibai da dama sun ɗauka cewa da zarar malami ya sa hannu a kundin bincike, aka yi bikin yaye ɗalibai, to duk abin da aka kwafo ya bi ruwa. Sam ba haka ba ne. Jami'ar da ta ba da digiri tana da ikon ƙwace shi idan ta tabbatar da maguɗi, komai daɗewa.

Annette Schavan ta rubuta kundin digirinta na uku a 1980. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta soke digirin saboda ta ɗebo daga ayyukan wasu ba tare da ambaton su yadda ya kamata ba. Lokacin ita ce ministar ilimi ta Jamus, kuma dole ta sauka. Bayan shekara 33 fa!

Abin da ke damuna shi ne ƙannenmu da ke sayen tsohon kundi a shagunan buga takardu na bakin makaranta, a sauya bango da suna kawai. A da, kundi yakan kwanta a ɗakin karatu yana shan ƙura. Yanzu ana ɗora shi a intanet, kuma manhajoji irin su Turnitin suna gwada shi da na wasu jimla bayan jimla, ko da mai shi ya daɗe da kama aiki.