Me ake nufi da "yaƙin duniya"?

Tun da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, kalmar nan ba ta bar bakin mutane ba. A fada wajen shayi, a tasha, a rukunonin WhatsApp na Yamai da Tawa, da zarar an harba makami mai linzami tsakanin Isra'ila da Iran sai ka ji wani ya ce shi ke nan, yaƙin duniya na uku ya fara. Alhali yaƙe-yaƙe biyu kaɗai masana tarihi suka laƙaba wa wannan suna: na 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945. Na farkon ma "Babban Yaƙi" ake ce masa, sai da na biyu ya zo aka sa masa lamba.

Ba ƙarar bindiga ko yawan gawa ke sa a kira yaƙi na duniya ba. Sai manyan dauloli sun gwabza da juna kai tsaye, soja da soja, ba ta hannun ƴan koransu ba. Sai faɗan ya kama a nahiyoyi da tekuna da dama lokaci guda. Sannan, wanda ya fi shafar talaka, sai kowace daula ta juya gonarta, masana'antarta da jama'arta kacokan zuwa hidimar yaƙin, har da ƙasashen da take mulka.

Yadda wutar ke kamawa ya fi fitowa sarari a 1914. Ranar 28 ga Yuni, wani saurayi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a birnin Sarayebo. Bayan wata guda cif Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya. Rasha, mai goya wa Sabiya baya, ta fara tara soja. Jamus kuwa ƙawar Ostiriya ce, sai ta shelanta yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta, kan Faransa ranar 3, ta kuma ratsa ta Beljiyam don ta riski Paris da wuri, abin da ya jawo Ingila ranar 4. Kisan yarima ashana ce kawai. Busasshiyar ciyawar ta daɗe da taruwa: alkawuran kare juna, gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi, rigimar rabon ƙasashen mallaka, da tsare-tsaren hafsoshi da aka gina bisa jadawalin jirgin ƙasa, yadda wanda ya yi jinkirin mako guda yake ganin an riga an ci shi. Na biyun ya tsiro ne daga toka ta farkon: yarjejeniyar Versailles ta 1919 da ta ɗora wa Jamus diyya, karyewar tattalin arziki daga 1929, hawan Hitila mulki a 1933, da mamayar Poland ranar 1 ga Satumba 1939.

To me ya haɗa Ader da Ayar da rigimar Sarayebo? Mulkin mallaka. Yaƙin ya iso nan ta hanyar takarda daga Dakar: a kawo mutum kaza. Gwamna ya raba adadin ga kwamandoji, kwamanda ya raba wa sarakuna, sarki ya raba wa masu gari. A nan abin yake lalacewa, don mai gari ba zai miƙa ɗansa ba. Maraya, ɗan bawa da wanda ba shi da kowa su ake turawa. Likita ya mayar da marasa lafiya, a sake komawa garin a cike gurbi. Da labarin ya bazu sai samari su tsere daji ko su tsallaka ƙasar Ingilishi, gona ta rasa hannu. Kimanin mutum 200,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa a yaƙin farko, kusan 30,000 ba su dawo ba. Ga karɓar raƙuma da hatsi, ga lanho, duka a kan jama'ar da ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba. Cikin wannan hali ne Kawsan, wani jagoran Buzaye, da haɗin bakin Sarkin Ayar Tagama da goyon bayan ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya, ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Da taimako ya iso wa Faransawa, ramuwar ta faɗa har kan malaman garin. Littattafan Turai kan ajiye wannan a gefe, amma reshe ne na yaƙin duniya na farko.

Tambayoyin da suka fi nauyi ba su da amsa mai daɗi. Sarkin da aka ce ya kawo mutum goma: in ya ƙi, a tuɓe shi a naɗa wanda zai kawo ashirin, in ya yarda, da hannunsa ya zaɓi waɗanda za su mutu. Sojan Afirka ya yi yaƙi don ƴantar da Faransa daga Jamus, alhali a garinsu aikin tilas ake yi kuma kwamanda na iya kulle mutum ba shari'a. A 1940 ma, da Jamus ta ci Faransa da yaƙi, tambayar ta ƙara rikicewa: wace Faransa? Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus, har ƙarshen 1942, Chadi ta Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle da ya ƙi miƙa wuya, Najeriya tana hannun Ingila. Ɗan Ƙonni da ɗan Illela ta Najeriya, dangin juna, suka wayi gari a ɓangarori biyu masu zargin juna.

A can sama kuma, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, da Nagasaki ranar 9. Masu kare matakin sun ce ya gajarta yaƙin ya ceci rayuka. Masu suka sun ce ƙona birni da mata da yara ba ya halatta ko da wane lissafi. (Mafi yawan yuraniyom ɗin aikin ƙera bam ɗin daga Shinkolobwe ta Kwango ya fito, ma'adinin da Arlit ke haƙa tun 1971.) Shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan gwamnatin Hitila, bayan kisan Yahudawa miliyan 6, ta kafa ƙa'idar cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke mai laifi, kuma yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka tanadi kariyar farar hula da fursunonin yaƙi. Sai dai waɗanda suka ci nasara su suka zauna kujerar alƙali, ba a tuhumi nasu ba.

Abin da yaƙin ya bari a nan ya haɗa zuma da maɗaci. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wuta kan tiraye, wato sojojin Afirka na rundunar Faransa, da suka dawo daga sansanonin fursuna suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun fi haka nesa ba kusa ba. A 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, na takwarorinsu Faransawa yana ta ƙaruwa. A ɗaya hannun, a 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Nijar, hanyar da ta kai ga mulkin kai a 1960.

In aka auna rikice-rikicen yau da wannan mudu, ba su cika shi ba. Yaƙin Yukren ya tada farashin alkama da takin zamani har an ji a kasuwannin Yamai, ƙasashen OTAN, ƙawancen soja na Amurka da Turai, suna ba da makamai da kuɗi, amma sojansu ba su fito fili sun kara da na Rasha ba. Abin da masana ke sa wa ido shi ne sashe na 5 na yarjejeniyar OTAN, wanda ya ce hari kan ƙasa ɗaya hari ne kan duka. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma wancan karon abokin gabar ba daula mai makaman nukiliya ba ce.