Maganin Ƙwari, Takin Zamani da Farantin Sola: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Waɗannan tambayoyi ne da manoma da 'yan kasuwar hatsi da ɗaliban kimiyya suke yi mini a Daura da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma duk kaka sai an dawo da su kamar ba a taɓa amsa su ba. Na tara su a wuri ɗaya domin wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Zan iya yayyafa wa wake Sniper ko fiya-fiya domin kada ƙwari su ci shi?

A'a. Sinadarin da ke cikin Sniper, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, kuma wanda galibi da shi ake haɗa fiya-fiya, yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana jijiyoyinsa hutawa, kuma jijiyoyin ɗan Adam da irin wannan tsari suke aiki. Saboda yawan wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu waken da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Abin da Bature ya ƙi saya, shi muke yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alale da shi.

Mene ne semikondokta?

Abu ne da yake tsakanin wanda lantarki ke ratsawa cikin sauƙi, kamar jan ƙarfe, da wanda ba ya ratsawa, kamar roba, kuma amfaninsa shi ne ana iya sarrafa lokacin da zai bari wuta ta wuce da lokacin da zai tare ta. Silikon ne ya fi shahara. Da shi ake yin ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunka da farantin solar da ke kan rufinka. An ƙera taransista ta farko, wato ɗan makunnin lantarki da ake yi da semikondokta, a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1947, kuma a can ne aka fito da farantin sola na silikon a 1954.

To, me ya haɗa wannan da maganin gona har ake ambaton su tare?

Sinadarai ɗaya ne suke aiki a wurare biyun. Harafin P da ke jikin buhun NPK fosforos yake nufi, kuma shi ne ake sanya wa silikon domin ya iya ɗaukar lantarki, tare da wani sinadari mai suna boron a ɗaya ɓangaren silikon ɗin, wanda shi ma shuka tana buƙatarsa ɗan kaɗan. Ƙwayar Phostoxin da 'yan kasuwa ke jefawa cikin hatsi, idan ta sha danshin iska, tana fitar da iskar fosfin, kuma da wannan iska ce masana'antun semikondokta suke shigar da fosforos cikin silikon. Bambancin yana wurin awo. A masana'anta, abin da ake sanyawa kan yi kamar ƙwayar dawa ɗaya a cikin buhun gero, ana rufe iskar a tukunyar ƙarfe, ga na'urar da za ta yi ƙara idan ta tsiyaya ko da kaɗan ne. Mu kuwa sai mutum ya ɗauki ƙwayar da hannu, ya ƙiyasta da ido, ya jingine buhun a ɗakin da yara suke kwana.

Idan mutum ya sha maganin ƙwari, manja za a ba shi ko madara?

Kada a ba shi ko ɗaya, kuma kada a tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin sunan da ke jikinta shi zai nuna wa likita abin da zai yi. Gubar DDVP tana da allurar da ake karya ta da ita idan an isa da wuri. Ta Phostoxin ba ta da makari, sai dai a yi ta tallafa wa zuciya da numfashi.

Na riga na sa wa wake magani tun kaka. Yaushe za a iya ci ko a sayar, kuma wanki zai fitar da shi?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka wata uku ko wata shida ba tare da ya tambaye ka abin da ka sa ba, kada ka dogara da maganarsa. Abu na farko shi ne wane magani ne. Idan ƙwayar Phostoxin ce, to iska ce take aikin, kuma iska tana fita. Idan an yi yadda ya dace, wato an naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle, an rufe hatsin ruf a duro ko ƙarƙashin tamfol na kimanin mako guda nesa da gidan kwana, sannan aka buɗe ya sha iska kwanaki, abin da ke saura a jikin waken kaɗan ne ƙwarai. Amma akwai sharaɗi, domin ƙwayar tana barin wata toka mai launin siminti, kuma a lokacin hunturu, da iska ta bushe, ba lallai ne ta gama narkewa ba. Idan tsirara aka jefa ta cikin buhu, tokar tana nan a cakuɗe da waken, kuma tana iya ci gaba da fitar da guba ranar da ta haɗu da danshi. Irin wannan wake sai an tankaɗe shi a fili, an shanya shi sosai, kuma wanda zai yi aikin ya juya wa iska baya. Warin da ke kama da na tafarnuwa alama ce ta haɗari, amma rashin jin warin ba shaida ce ta cewa komai ya fita ba.

Idan kuwa maganin ruwa ne aka yayyafa, maganar ta fi wuya. DDVP yana raguwa da tafiyar lokaci, kuma zafi da iska suna gaggauta hakan, wanki da dafuwa ma suna rage wani abu. Sai dai saurin raguwar ya danganta da yawan abin da aka zuba, da irin buhun, da zafin ɗakin ajiya, kuma wanda ya zuba da murfin kwalba bai san adadin da ya zuba ba. Fiya-fiya kuma ba a rubuta abin da aka haɗa a cikinta, tana iya ƙunsar wani sinadarin da ba ya gushewa da sauri. Hanya ɗaya ta tabbatarwa ita ce gwaji a ɗakin bincike irin na hukumar NAFDAC da ke Kaduna, wanda ya dace da mai tirela guda, ba mai buhu uku ba. Shawarata ga mai buhu uku ita ce ya ware wannan wake ya zama iri, idan ya gwada ya ga yana tsirowa, kada ya kai shi kasuwar Mai'aduwa ya sayar wa wanda bai sani ba. Na san asara ce, kuma na san ba kowa zai ji ba.

Kada hankalinka ya tashi game da baɗi, domin masu bincike sun riga sun samar da mafita. Buhun PICS, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Ka busar da waken sosai, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Kafin ka zuba, ka hura ledar ka duba ko ta huje, sannan ka ɗora buhun a kan katako inda ɓera ba zai kai gare shi ba.

Yuriya ta fi ko NPK?

Ba gasa suke yi ba. NPK ne ake fara sawa domin saiwa, yuriya kuma, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, tana biyo baya domin ganye da tsayi. A ƙasarmu mai yashi ka raba ta kashi biyu, ka binne ta, domin wadda aka watsa a sarari rana tana ɗauke wani kaso, ruwan sama kuma ya wuce da wani ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

Ga yashi ko'ina a Daura, me ya hana mu ƙera farantin sola?

Ɗalibai ne suka fi yin wannan, kuma ba na jin haushinta. Gaskiya ne daga ma'adinin da ke cikin yashi ake samun silikon, amma tsarkakewar ce aikin. Na sola sai ya kai tsarkin kashi 99.9999 cikin 100, na ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma ya fi haka nesa. Silikon ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,414, sannan a jawo shi a hankali daga tukunya ya zama dunƙule ɗaya marar tsaga, bisa hanyar da wani masani ɗan Folan, Jan Czochralski, ya gano a 1916. Aikin yana buƙatar wutar lantarki mai yawa wadda ba ta ƙiftawa dare da rana, shi ya sa mafi yawan silikon ɗin sola na duniya daga Sin yake fitowa. Wanda yake son shiga wannan fage ya fara da ƙwarewa a kimiyyar sinadarai da lissafi, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma.

Me ya sa famfon solata yake rage ƙarfi a bazara, alhali rana ta fi zafi?

Haske farantin yake ci, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya haura 25, yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma da tsakar ranar Afrilu jikin nasa yakan wuce digiri 60. Masu noman rani a madatsun ruwa na Sabke da Daberam su ɗaga shi daga ƙasa iska ta ratsa ƙarƙashinsa, su goge ƙura da sassafe. Kada a watsa masa ruwan sanyi da azahar, gilashin yana iya tsagewa.

Idan masana ne suka amince da magani, don me daga baya ake haramta shi?

Domin bincike ba ya tsayawa ranar da aka fara sayarwa. Wani masani, Paul Müller, ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari a 1939, har ya samu lambar Nobel a 1948, amma da aka tabbatar cewa yana taruwa a kitsen dabbobi da mutane kuma yana daɗewa a ƙasa, Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Gamalin da iyayenmu suka sani shi ma haka ya ƙare. Binciken nan kuma shi ne yake rage mana feshin gaba ɗaya: waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 yana kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, ta yadda feshi biyu kan wadatar a inda a da ake yin shida zuwa takwas. Wanda ya ɓoye haramtaccen magani a shago yana cewa na da ya fi ƙarfi, ya sani ƙarfin nan ne dalilin haramcin.

Jarkar da magani ya ƙare, idan na wanke da omo zan iya zuba ruwan sha ko nono?

Ba za ka iya ba, ko sau nawa ka wanke, domin roba tana shan maganin. Ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ruwan ɗaurayar a tankin feshi, sannan ka huda gindinta da wuƙa yadda babu yaron da zai tsince ta ya kai wa uwarsa.