Dariya a Gidan Makoki: Tambayoyi da Amsoshi kan Barkwanci Mai Ɗaci a Dandamalin Jami'a

A ƙauyukanmu na ƙasar Haɗeja, idan labari ya iso cewa ɗan wane da aka tura jami'a wasan kwaikwayo yake karanta, dattawa kan yi shiru na ɗan lokaci. Idan kuma aka ƙara da cewa wasan da suke shiryawa na ban dariya ne, amma a kan mutuwa da ambaliya, sai tambayoyi su biyo baya. Waɗannan su ne waɗanda aka fi yi.

Mene ne barkwanci mai ɗaci, kuma me ya raba shi da wasan ban dariya da muka saba gani?

Wasan ban dariya na yau da kullum yana ɗaukar marowaci, ko mai santi, ko baƙauyen da ya shiga birni, a yi dariya a watse babu abin da ya tsaya wa kowa a rai. Barkwanci mai ɗaci kuwa yana ɗaukar abin da ake kuka a kansa ne, kamar mutuwa da yunwa da zalunci, ya bi da shi ta hanyar da mai kallo zai tuntsire da dariya, sannan ya ji kunyar dariyar da ya yi.

A ɗauki misali. Ruwa ya ci wani ƙauye, aka zo rubuta sunayen waɗanda suka rasu domin a bai wa iyalansu tallafi, sai ƙannen wani magidanci suka sa sunansa alhali yana nan da ransa. Ranar da jami'ai za su zo, aka ɓoye shi a cikin rumbu, aka shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Da zafi ya dame shi ya leƙo, sai matarsa ta matso ta ce masa a hankali: "Malam, don Allah ka ƙara haƙuri da mutuwar nan zuwa jibi, buhunan ba su iso ba." Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa zai yi dariya a nan, kuma ya san dalilin da ya sa dariyar take da ɗaci.

Wannan ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turawa?

Sunan ne baƙo. Marubucin Faransa André Breton ne ya yayata shi a Turai, musamman da wani kundi da ya tattara a 1940. Amma abin da kansa ya daɗe a gidan Bahaushe. Jikan da ya shiga ɗakin tsohuwa ya ce, "Kaka, har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi mu sha gumba?", ita kuma ta ɗaga sanda tana dariya tana cewa sai ta ga aurensa, ai mutuwa suke wasa da ita, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin tarbiyya.

Haka tashe, wanda ake farawa daga goma ga watan azumi, yake tsokanar gwauro da tsoho mai gemu. 'Yan kama suna kwaikwayon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. A kalankuwa, bayan an gama girbi, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi shari'ar wasa, a wasan gauta kuma matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Malam Aminu Kano ma, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa rubuta wasanni yana zolayar masu danne talaka. A ganina ɗalibin da ya san waɗannan ya riga ya yi rabin karatun kafin ya buɗe littafin Bature.

To me ya kai jami'a shirya wasa? Ba karatu aka je yi ba?

Wasan shi ne karatun. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda a tsakiyar shekarun 1970 ta gina dandamalinta da jar ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe. Kamar yadda mai karatun noma ba ya samun shaida sai ya shiga gona, haka wannan ɗalibi sai ya hau dandamali malamai sun ba shi maki. Kuma ba kowa ne ke fitowa gaban jama'a ba: akwai mai ba da umarni, da mai rubutu, da masu haɗa sutura da kwalliya, da mai kula da fitilu, da mai riƙe lissafin kuɗi.

Mene ne ya fi bai wa ɗalibai wahala a irin wannan wasa?

Riƙe fuska. Da zarar ɗan wasa ya nuna cewa ya san abin da yake faɗa abin dariya ne, wasan ya lalace. Yarinyar da ke fitowa a matsayin matar mutumin cikin rumbu dole ta faɗi maganarta da cikakkiyar damuwa, kamar macen da gero ya ƙare mata da gaske, domin tsananin gaskiyarta ne ke sa 'yan kallo dariya. A wajen gwaji za ka ga an maimaita jimla ɗaya har ta gunduri kowa, mai ba da umarni yana tafa hannu yana cewa a sake, saboda kawai ta yi gaggawar buɗe baki kafin mijin ya gama leƙowa. Jinkirin numfashi ɗaya ne tsakanin dariya da shiru.

Sai kuma matsalar shekaru. Saurayi ɗan ashirin da aka shafa wa farar hoda a gemu yakan ɗauka tsufa shi ne rawar murya da dogara sanda. Wanda ya tashi a gaban kakansa ya san cewa tsufa yana cikin yadda dattijo ke gyara babbar riga kafin ya zauna, da yadda yake jan gaisuwa kafin ya shiga magana. A nan 'ya'yan ƙauye sukan fi 'yan birni, ko da yake sau da yawa su ne suka fi jin nauyin fitowa.

Shin wannan ba izgili ba ne ga waɗanda masifa ta afka wa?

Yana iya zama izgili, kuma mai wannan tambaya yana da gaskiya. Abin dubawa shi ne a kan wa dariyar ta faɗa. Idan a kan wanda ya rasa gida da gona ne, to an yi zalunci. Idan kuwa a kan ƙannen da suka kashe yayansu a takarda ne, da jami'in da ya san gawar tana tari amma ya kau da kai domin a ba shi kasonsa, to wasan ya faɗi abin da mutane ke gunaguni a kai ba su iya furtawa a gaban manya. Akwai kuma iyakar da malami mai hankali ba ya bari a ƙetare a ƙasar Musulmi: ba a mayar da wankan gawa ko sallar jana'iza abin wasa. Zaman makoki da rabon gado sun ishi marubuci, domin a nan ne halin masu rai yake fitowa.

Za a iya kawo irin wannan wasa ƙauye?

An taɓa yin makamancinsa. A 1977 malamai da ɗaliban Zariya sun kai Wasan Manoma ƙasar Soba, inda aka gina wasa a kan matsalolin da manoma suka faɗa da bakinsu. Mai son yin haka a nan sai ya fara da dagaci da liman, ya bayyana musu labarin tun daga farko har ƙarshe, ya zaɓi lokacin kaka bayan la'asar, ya ware wa mata wurin zamansu, ya kuma bar Turanci a makaranta. Filin firamare ya wadatar, ba a buƙatar fitila ko janareto.

Abin da ɗalibai za su shirya masa shi ne 'yan kallon ƙauye ba sa yin shiru kamar na ɗakin taron jami'a. Jami'in tallafi na shigowa fili, wata tsohuwa za ta ɗaga murya ta gaya masa cewa mamacin yana cikin rumbu, kuma dole wanda ke riƙe da rajistar ya sami amsar da zai ba ta ba tare da ya yi dariya ba.